"Na janye": kalmar da take mana nauyi a baki

Shekaranjiya da daddare a wani gurup na WhatsApp na 'yan ajinmu saura kaɗan a raba gari a kan kalma ɗaya tak. Wani ne ya turo magana cewa wai kuɗin da muka tara wa wani ɗan'uwanmu mara lafiya ba su isa hannun iyalinsa duka ba, aka yi ta cacar baki, can sai mai riƙe da kuɗin ya turo hoton rasit na banki, lissafi ya fito fili ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Shi kuma mai zargin sai ya lallaɓa ya goge saƙonsa ya yi tsit. Aka ce masa malam ka janye maganarka, ya ce ai na goge, me kuma kuke so in yi? To nan fa aka koma sabon musu, wasu na cewa gogewa ai janyewa ce, wasu na cewa sam. Ni ina cikin masu cewa sam, kuma abun ya tsaya min a rai har na ga gara in zauna in warware yadda na fahimci kalmar nan, don kullum muna jin ta a rediyo muna karanta ta a labarai amma da wuya ka ga wanda ya yi ta yadda take.

Asalin kalmar daga "ja" take. In ka ja abu zuwa wajenka ka jawo shi, in ka ja shi ka kawar da shi gaba ɗaya daga inda yake to ka janye shi, wasu ma "jaye" suke cewa. Shi ya sa ake janye hannu daga wuta, ake janye ƙara a kotu, ɗan takara ya janye wa wani, aka ce ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta janye yajin aiki a watan Oktoban 2022 bayan wata takwas, aka ce Faransa ta janye sojojinta daga Nijar a ƙarshen 2023, aka ce an janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023. Duk waɗannan abu ɗaya ya haɗa su, akwai wani abu da aka riga aka miƙa ko aka girke a wani waje kowa ya gan shi, sannan mai shi ya zo da kansa ya ɗauke. Ba ka janye hannun da ba ka miƙa ba. To haka magana take. Duk wanda ya ce na janye, ko ya sani ko bai sani ba ya faɗi abu biyu ne a dunƙule, na farko eh ni na faɗa, na biyu yanzu ban tsaya a kanta ba, kar wanda ya sake jingina da ita da sunana. Wannan amsawar ta farko ita ce take da ɗaci, kuma ita ce mutane suke gudu.

Shi ya sa nake jin wani iri idan na ga an rubuta a labari wai wane ya janye kalamansa, ka shiga ka karanta sai ka tarar mutumin cewa ya yi bai faɗa ba. Wannan musantawa ce ko ƙaryatawa, kuma kishiyar janyewa ce ma in ka duba, domin mai musu yana cewa babu abin da zai ɗauke tunda bai ajiye komai ba. Akwai kuma masu tsayawa a tsakiya, su ne suka fi yawa a zamanin nan: an yi min mummunar fahimta, an yanke bidiyon ne, ba haka nake nufi ba, an yi wa shafina kutse. Wani lokacin gaskiya ne, ana yanke bidiyo kam, mun sha gani an ɗauko minti ɗaya daga karatun awa biyu an juya shi. Amma ko da gaskiyar ce sunan wannan bayani ko ƙarin haske, laifin yana kan mai sauraro ko mai yankewa, mai maganar yana nan a kan bakarsa. Sai kuma wadda ta fi ɓata min rai, "idan maganata ta ɓata wa wani rai ina ba da haƙuri". Ka duba da kyau, ba a taɓa maganar ba, tana nan daram, ɓacin ranka kawai aka yi wa jaje. Wanda aka ce masa ɓarawo bai zo neman jaje ba, so yake a ce shi ba ɓarawo ba ne.

Hausa ba ta rasa kalmomi ba a wannan fagen, mu ne muke cakuɗa su. Niyya ko ciniki ko tafiya fasa su ake yi. Hukuma ko kotu ita ke soke abu, don ita ke da ikon kashe shi. Alkawari a saɓa ko a warware. Wanda harshensa ya zame ya faɗi abin da bai yi niyya ba subul da baka ya yi, gyara kawai yake buƙata a take a wajen. Wanda ya kwafsa a bainar jama'a an ce ya yi katoɓara. Wanda yau ya ce kaza gobe ya ce akasinsa jibi ya dawo, ba tare da ya taɓa cewa na farkon kuskure ne ba, tufka da warwara yake, ko a ce mai baki biyu ne. Janyewa ta fita daban da duk waɗannan saboda mai ita yana cikin hayyacinsa ya faɗa, yana cikin hayyacinsa kuma ya dawo.

Sai babbar cikinsu, lashe amai. Duk mai bin labaran siyasa a Hausa ya san ta, ɗan siyasa ya rantse ba zai taɓa komawa jam'iyya kaza ba, shekara ta zagayo ya koma, sai ka ji an ce ya yi amai ya lashe. Hoton da ke cikin maganar nan abin ƙyama ne da gangan aka zaɓe shi, kuma duk wanda ya yi karatun hadisi zai tuna da wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa mai komawa ya karɓe kyautarsa kamar kare ne da yake komawa ga amansa. A wajen kyauta da alkawari da amana siffar ta zauna daram, don ka ba mutum abu ya dogara da shi sannan ka dawo ka ƙwace. Matsalar ita ce mun ɗauko wannan kalma mun yafa ta a kan kowa da kowa. Wanda ya sauya sheƙa don kwaɗayi mu ce ya lashe amansa, wanda ya gano ya zalunci wani ya fito ya gyara shi ma mu ce ya lashe amansa, da dariya da hotunan tsokana a ƙarƙashin rubutunsa. To wa zai yarda ya janye kuma? Mutum yana gani ƙiri-ƙiri ya yi kuskure amma ya san in ya amsa za a yi masa ihu, sai ya gwammace ya kafe, ya ƙara wata ƙaryar a kan ta farko, magoya bayansa su taya shi. Wallahi da yawa daga rigingimun da ake kwana ana yi a Facebook da TikTok da an bar wa mutum ƙofar fita da mutuncinsa da tun ranar farko sun mutu. Mun taso ana ce mana dattijo ba ya magana biyu, kuma gaskiya ne, amma abin da ake nufi shi ne dattijo ba ya yaudara, ba ya ce maka eh a nan ya je can ya ce a'a. Ba a taɓa nufin dattijo ba ya kuskure ba.

Abin mamakin ma shi ne a wajen malamanmu na asali wannan abu daraja ce. Suna da kalmarsu, ruju'i, wato komawa, za ka ji a karatu an ce malam wane ya yi ruju'i daga wannan fatawa, kuma ba a faɗar haka don a rage shi. Imamu Shafi'i ai mazhabarsa kanta an san ta da tsohon zance da sabon zance, abin da ya faɗa yana Iraƙi da abin da ya koma kai bayan ya tare a Masar inda ya rasu a shekara ta 204 bayan hijira, almajiransa suka rubuta duka biyun ba su ɓoye na farkon ba. Sayyidina Umar a wasiƙarsa ga Abu Musa al-Ash'ari kan alƙalanci ya ja masa kunne cewa kar hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya in ya sake dubawa ya gane, domin komawa ga gaskiya ya fi dogewa a kan ɓata. Mu da muke Malikawa kuma kowa ya haddace maganar da ake jingina wa Imamu Malik cewa kowa ana karɓar maganarsa ana kuma mayar masa sai mai wannan kabari, yana nuna kabarin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Muna faɗar wannan a baki kullum, amma ranar da malamin da muke bi ya ce na yi kuskure sai almajiransa su ji kamar an ci su da yaƙi, na ɗaya ɓangaren kuma su yi ta murna suna yaɗawa.

Inda abun ya fi zurfi a ganina shi ne a shari'a, don a nan ne aka zauna aka tantance wace magana ce take janyuwa wace ce ba ta janyuwa, kuma ma'aunin da aka bi yana da hikima sosai. In mutum ya yi iƙirari a kan laifin haddi wanda haƙƙin Allah ne tsantsa kamar zina, sannan ya dawo ya ce na janye, malamai sun ce a karɓa a ƙyale shi, suna kafa hujja da ƙissar Ma'izu, sahabin da ya amsa laifin zina da bakinsa sannan ya gudu lokacin da ake tsayar masa da haddi, da aka ba Annabi labari ya ce me ya sa ba ku ƙyale shi ba. Wannan ba zancen littafi kawai ba ne, ya faru a gabanmu. Shari'ar Amina Lawal da duniya ta yi ta magana a kai, kotun Bakori ta yanke mata hukuncin jifa kan laifin zina a 2002, babbar kotun shari'a ta Funtuwa ta tabbatar, amma ranar 25 ga Satumban 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Katsina ta rushe hukuncin, kuma cikin dalilan da alƙalan suka bayar har da cewa tana da damar janye iƙirarinta kuma bai kamata a hana ta ba. Amma in haƙƙin mutum ne, misali ka amsa a gaban alƙali cewa wane yana bin ka bashin dubu ɗari biyar, gobe ka dawo ka ce na janye, ba mai sauraronka, don maganarka ta riga ta zama dukiyar wani. Ka ga ma'aunin kenan, ana duba wa ya riga ya rataya a jikin maganar.

Saki ma haka. Mutum ya furta ko ya rubuta, hankalinsa ya dawo bayan awa ɗaya ya ce ai na janye, babu wannan. Yana iya mayar da matarsa cikin idda in saki ɗaya ne ko biyu, amma kome daban janyewa daban, igiyar da ta tsinke ta tsinke an lissafa ta. Rantsuwa kuwa ana iya barin ta in ka ga abin da ya fi alheri, sai dai da kuɗinta, kaffara, ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, wanda bai samu ba ya yi azumin kwana uku kamar yadda ya zo a Suratul Ma'ida. Wasiyya kuma tunda ba ta fara aiki ba sai bayan mutuwa, mai ita yana iya janye ta ko ya sauya duk ranar da ya ga dama.

Ko a kotunan da ba na shari'ar Musulunci ba a Najeriya an raba tsakanin musu da janyewa. Wanda ake tuhuma in ya ce wannan bayanin na 'yan sanda ban taɓa yin sa ba, alƙali na iya karɓar takardar ya auna nauyinta daga baya. In kuma ya ce na yi amma dukana aka yi aka tilasta ni, to sai an tsaya an yi wata 'yar ƙaramar shari'a a cikin shari'ar don a gano ko da son ransa ya yi. Kuma janyewar ba ta wanke shi kai tsaye, in kotu ta gamsu iƙirarin farkon gaskiya ne tana iya hukunta shi a kai. Lauyoyi kuma in suka rubuto takardar ɓata suna, duba abin da suke nema, ba gogewa suke cewa ba, cewa suke a janye a rubuce a kuma buga a jarida ko a shafin da aka yi maganar, su sun san inda gizo ke saƙar.

To amma fa ko an yi ta yadda ya kamata, janyewa ba ta mayar da hannun agogo baya. Hausawa sun gama magana da suka ce magana zarar bunu ce, in ka zaro shi daga jinka ba ya komawa. A 1998 mujallar likitoci ta The Lancet a Ingila ta buga binciken wani likita Andrew Wakefield a kan yara 12 wanda ya sa mutane suka fara zargin allurar rigakafin ƙyanda da haddasa wa yara lalurar galahanga, sai a 2010 mujallar ta janye binciken gaba ɗaya, shi kuma aka soke lasisinsa na aikin likita a shekarar. Shekara goma sha biyu maganar tana yawo, kuma har yau akwai iyayen da ke ƙin rigakafi saboda ita, da yawansu ba su ma taɓa jin an janye ba. Mu nan ma mun ga namu mai zafi a watan Nuwamban 2002, lokacin da jaridar ThisDay ta buga rubutun nan na gasar sarauniyar kyau da ya taɓa janibin Annabi, jaridar ta fito ta ba da haƙuri ba sau ɗaya ba, amma wuta ta riga ta kama, aka rasa rayuka sama da 200 a Kaduna. Ƙarya ko ɓatanci a guje suke tafiya, gyaran kuma yana biye da ƙafa. Yanzu da waya abun ya ƙara muni, tun 2017 WhatsApp ya ba mutane damar goge saƙo ga kowa, sai muka ɗauka mun samu maganin zarar bunu, alhali kafin ka goge mutum goma sun ɗauki hoton saƙon sun tura gaba. Gogewa kai take karewa, tana ɓatar da shaidar cewa ka faɗa. Wanda ka shafa wa kashin kaji kuwa yana nan da shi a jikinsa, ka ma ƙara masa wahala don yanzu ba shi da abin da zai nuna ya ce ga abin da aka ce a kaina.

Ni inda na fara gane wannan kalma ba a littafi ba ne, a tsakar gidanmu ne ina yaro. An yi biki, ɗan kunnen gwal na gwaggona ya ɓata, a gaban mata cike da gida ta nuna wata yarinya da ke taya ta aiki ta ce ita ce ta shiga ɗakin, ba wanda ya ɗauka sai ita. Yarinyar ba ta fi shekara goma sha uku ba, na tuna tana tsaye riƙe da bokiti tana rantsuwa tana kuka, aka zazzage ƙullin kayanta a ƙasa ba a ga komai ba. Bayan kamar sati guda sai ga ɗan kunnen a cikin yagaggen shafin jakar gwaggon, ya zurma ta wata 'yar ɓula. Gwaggo ba muguwa ba ce, abun ya dame ta ƙwarai, ta kira yarinyar cikin ɗaki ta ba ta haƙuri a hankali ta haɗa mata da turmin atamfa. Washegari da hantsi sai ga kakar yarinyar ta zo da atamfar a leda ko buɗe ta ba a yi ba, ta zauna a bakin tabarma suka gaisa sosai, sannan ta tura ledar gaban gwaggo ta ce, "Hajiya, a ina kika faɗa?" Gwaggo ta ce, "Inna ai na ba ta haƙuri, wallahi na ji kunya." Tsohuwar ta ce, "Na sani Hajiya, Allah Ya saka da alheri. Amma a tsakar gida kika ɗora mata, a gaban mata sun fi hamsin, kin ga ba zai yiwu ki sauke mata a ƙuryar ɗaki ba. Yarinyar nan aure za ta yi wata rana, matan nan su za a tambaya."

Gwaggo ta yi shiru ta daɗe. Ranar sunan wata 'yar'uwarmu da ya zo bayan kwana kaɗan, kusan duk matan bikin nan suna wajen, ana cikin rabon abinci ta miƙe ta ce a saurare ta, muryarta na rawa, ta kamo hannun yarinyar ta ce ranar biki ni na ce yarinyar nan ta ɗaukar min ɗan kunne, to ban faɗi gaskiya ba, a jakata na gan shi, na janye maganata kuma duk wadda ta kai labarin wani waje don Allah ta koma ta kai wannan. Ba ta ce an yi mata mummunar fahimta ba, ba ta ce in ran wani ya ɓaci ba. Wajen ya yi tsit, sai wata tsohuwa ta ce Allah Ya yi miki albarka, aka amsa da amin. Ban ga wadda ta yi mata dariya ba, kuma ni dai tun daga ranar girmanta ya ƙaru a idona.

Wannan labarin na rubuta wa 'yan gurup ɗinmu a daren nan. Mai zargin bai ce komai ba sai da safe, ya turo layi biyu, ya ambaci sunan mai riƙe da kuɗin ya ce abin da na faɗa a kanka ba gaskiya ba ne na janye, ka yafe min. Shi kuma ya amsa da cewa ya wuce. Sai dai tun a daren wani ya riga ya tura hoton saƙon farkon zuwa gurup ɗin 'yan unguwarsu, har yau da nake rubutun nan mai riƙe da kuɗin yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana tura musu rasit. Ita ma yarinyar can, watanni bayan sunan nan, na ga wata baƙuwa da ta halarci bikin amma ba ta zo sunan ba, yarinyar na shigowa da tiren ruwa matar ta jawo jakarta daga gefe ta ɗora a cinya ta dafe da hannu biyu.